Filin MetLife: Na wane ne, wa ya biya kuɗin gininsa, kuma wa ke cin moriyarsa?

Tun da hukumar FIFA ta sanar a ranar 4 ga Fabrairun 2024 cewa filin MetLife ta zaɓa domin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2026, sunan filin ya shiga bakin masu kallon ƙwallo a gidajen kallo da majalisu. Wasu ma sun gan shi a talabijin ranar 13 ga Yulin 2025, lokacin da Chelsea ta lallasa PSG da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi. Abin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne, ai babban filin wasan gwamnatin Amurka ne da ke birnin New York. Mai wannan magana ba shi da laifi, domin a wajenmu filin wasa kayan gwamnati ne. Ita ke ginawa, ita ke raɗa masa sunan wani babba, ita kuma ake jira idan ciyawa ta mutu. Sai dai MetLife ba na gwamnatin Amurka ba ne, ba a New York yake ba, kuma ba don ƙwallon da muka sani aka gina shi ba.

Filin yana wani ƙaramin gari ne mai suna East Rutherford a jihar New Jersey, kimanin kilomita 8 yamma da birnin New York. Mutanen garin ba su wuce 10,000 da ɗoriya ba, filin kuwa yana cin mutum 82,500. Masu shi ƙungiyoyi ne biyu na ƙwallon Amurka, New York Giants da New York Jets, kuma babban abin alfaharinsu shi ne da kuɗinsu suka gina shi, ba su taɓa baitulmali ba. To shin haka abin yake? Idan ba gwamnati ce ta biya ba, daga aljihun wa dala biliyan 1.6 ta fito?

Wasan da aka gina filin dominsa

Ƙwallon Amurka ta fi kama da zari-ruga. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu aka fi tafiyar da ita, kowane ɓangare mutum 11, sanye da hulunan kwano da matasai a kafaɗa saboda karo. Babbar gasarsu ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32. Ana fara kaka a watan Satumba, a rufe ta da wasan ƙarshe mai suna Super Bowl a Fabrairu.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne ƙarancin wasannin. Kowace ƙungiya wasa 17 kawai take bugawa a kaka, 8 ko 9 a gida. Ƙungiyar Firimiya kuwa wasa 19 take yi a gida a gasar lig kaɗai, ban da na kofuna. Wato ginin da aka kashe wa fiye da dala biliyan ɗaya, ƙungiya ɗaya ba ta amfani da shi fiye da kimanin kwana goma a shekara, sai in ta yi nisa a wasannin neman kofi. Duk wani lissafi na filayen NFL daga wannan matsalar yake farawa.

Akwai kuma tsarin rabon kuɗi. Kuɗin talabijin a tukunya ɗaya ake zuba shi a raba daidai-wa-daida. A 2021 NFL ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni ta shekara 11 a kan kimanin dala biliyan 110. Ƙungiyar Green Bay Packers, wadda ita kaɗai ke buga lissafinta a fili saboda jama'ar gari ne ke da ita, ta bayyana a 2025 cewa rabonta daga wannan tukunya ya kai dala miliyan 432.6, kuma haka kowace ƙungiya ta samu. Tikitin gama-gari ma ana cire kashi 34 cikin ɗari a zuba a asusun bai-ɗaya. Amma kuɗin ɗakunan alfarma da na sunan fili da na tallace-tallacen cikin gida, mafi yawansa na mai fili ne. Tunda kowa ya samu rabo ɗaya daga talabijin, wanda zai fi ɗan'uwansa kuɗi shi ne wanda filinsa ya fi kawo riba. Wannan ne ya sa masu ƙungiyoyi ke rushe filayen da ko tsagewa ba su yi ba. Ba tsufa ne laifinsu ba, ƙarancin ɗakunan masu hannu da shuni ne.

Yadda ƙungiyoyin New York suka tsinci kansu a New Jersey

Tim Mara ne ya kafa Giants a 1925, kuma har gobe zuriyarsa na riƙe da ita tare da iyalan Tisch. Kusan shekara hamsin ƙungiyar ta yi tana zaman haya a filayen wasu, da farko a Polo Grounds, daga 1956 kuma a filin Yankee, dukansu na wasan besbol.

A farkon shekarun 1970 gwamnan New Jersey, William Cahill, ya ga dama. Jiharsa na da wata makekiyar fadama mai suna Meadowlands da ta zama juji, ga ta a bakin ƙofar New York. A 1971 aka kafa hukumar wasanni ta jihar, aka yi wa Giants tayin fili nata na kanta. Dabarar biyan kuɗin ita ce a ci bashi a gina filin ƙwallo da filin sukuwar dawaki a gefensa, ribar cacar sukuwa ta riƙa biyan bashin. Kafin a gama ginin Giants ta sha yawo, har zuwa filin jami'ar Yale a jihar Connecticut. A ranar 10 ga Oktoban 1976 aka buɗe filin Giants, wanda ya ci dala miliyan 78.

Tsofaffin masoya ƙwallo sun san wannan fili ko da ba su riƙe sunansa ba. A nan Pele ya yi wasansa na bankwana a 1977 yana New York Cosmos. A nan Ireland ta ci Italiya 1 da nema a kofin duniya na 1994, a nan kuma Italiyar ta fitar da Bulgeriya a wasan kusa da na ƙarshe.

Jets, wadda ta fara wasa a 1960, ita ma 'yar haya ce a filin Shea, inda sai abin da ƙungiyar besbol ta Mets ta rage mata. A 1984 mai ita na lokacin, Leon Hess, ya tsallaka kogi da ita zuwa New Jersey. Sai dai an gudu ba a tsira ba. Shekara 26 Jets ta yi tana karɓar baƙi a filin da ke ɗauke da sunan kishiyarta.

Yadda kishiyoyi suka haɗa jari

Bayan Woody Johnson ya sayi Jets a 2000, burinsa shi ne ya mayar da ita cikin birni. (Wannan Johnson ɗin ne ya sayi kashi 43 cikin ɗari na Crystal Palace a 2025.) Magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya mara masa baya a kan gina fili a yammacin Manhattan, wanda zai zama babban filin Olamfik idan birnin ya samu karɓar wasannin 2012. An kiyasta kuɗin zai haura dala biliyan 2, birni da jiha kowanne zai ba da miliyan 300. Mazauna unguwar suka ƙi, kamfanin da ke da zauren Madison Square Garden ya zuba kuɗi wajen yaƙar aikin don gudun kishiya, sannan a watan Yunin 2005 shugaban majalisar dokokin jihar New York, Sheldon Silver, ya hana sakin kuɗin. Wata ɗaya bayan nan Landan ta lashe Olamfik.

Jets ba ta da wurin zuwa, Giants kuma dama tana shirin sabon gini a Meadowlands. A watan Satumban 2005 suka amince su haɗa jari rabi da rabi. Aka aza harsashi a 2007, aka buɗe a watan Afrilun 2010. Ko wanda zai fara buga wasan gasa a ciki sai da aka jefa kwabo, Giants ta samu Lahadi, Jets ta samu daren Litinin.

Haɗin ya warware matsalar da na ambata a baya, domin kwanakin wasa sun ninka. Amma ya bar alamarsa a jikin ginin. Giants na son dutse irin na da, Jets na son ƙarfe da gilashi. Aka tsaya a tsakiya, aka lulluɓe ginin da sandunan alminiyom masu ruwan toka, kujerun ma ruwan toka, don kada wani ya ce an yi launin wani. Rufi kuwa an fasa shi saboda tsada. Wannan ya sa yawancin masu zuwa kallo ke cewa filin ba shi da fuska, kuma a ganina suna da gaskiya. Gini ne da aka tsara don kada ya ɓata wa kowa rai.

Ina kuɗin ya fito?

A lokacin da aka buɗe shi babu filin wasa a Amurka da ya kai shi tsada. NFL ta ba da dala miliyan 300 daga asusunta na tallafa wa gina filaye. Sauran kowace ƙungiya ta ciyo bashin kimanin miliyan 650. Na Giants ma ya haɗu da rugujewar bankin Lehman Brothers a 2008, abin da ya jawo shari'a ta shekaru. Amma bashi ba kuɗi ba ne, sai an biya. A nan ne labarin ya iso kan mai kallo.

Ƙungiyoyin sun fito da abin da ake kira lasisin kujera. Ba tikiti ba ne. Izini ne na sayen tikitin kaka a kan wata kujera. Kamar mai neman rumfa a kasuwa ne, ya biya kuɗin mallaka a dunƙule, sannan kuɗin shekara-shekara na nan yana jiransa, ranar da ya kasa biya kuma rumfar ta suɓuce. Giants ta sa wa kowace kujera lasisi, daga dala 1,000 a can sama zuwa 20,000 a kusa da fili. Jets ta yafe wa kujerun sama, na ƙasa kuwa ta fara daga 4,000 zuwa 25,000, ta kuma yi gwanjon mafi kyawunsu a intanet.

A duba abin da wannan ke nufi ga gida guda. A al'adar masoya Giants, tikitin kaka gado ne. Akwai iyalan da kakansu ya fara riƙe kujeru tun zamanin filin Yankee, uba ya gada, ɗa ya gada. Mai kujera huɗu a kusa da tsakiyar fili sai ga takarda ta iso masa a 2008, ana tsakiyar durƙushewar tattalin arziƙi, cewa ya kawo dala 80,000 ko ya koma sama ko ya haƙura. Direba da malamin makaranta da ɗan fansho ba su da wannan kuɗi. Da yawa sun koma sama, wasu sun bari gaba ɗaya, kamfanoni da attajirai suka maye gurbinsu. Jets ma sai da ta zaftare farashin dubban kujeru a 2010 saboda rashin masaya. Wanda ya biya lasisin bai mallaki ko bulo ɗaya a ginin ba, ba shi kuma da rabo a ribar.

Sai ɗakunan alfarma sama da 200, waɗanda bankuna da manyan kamfanoni ke kamawa na shekaru domin karrama abokan ciniki. Sai kuma sunan filin kansa. A 2008 an kusa ƙulla ciniki da kamfanin inshorar Jamus, Allianz, amma ƙungiyoyin Yahudawa suka tayar da ƙura saboda alaƙar kamfanin da gwamnatin Hitler, aka fasa. Filin ya yi kakarsa ta farko da sunan New Meadowlands. A watan Agustan 2011 wani kamfanin inshora, MetLife, ya sayi sunan na shekara 25, a kan abin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 17 zuwa 20 duk shekara.

Rabon da ya hau kan mai biyan haraji

Gaskiya ne gwamnati ba ta biya kuɗin siminti da ƙarfe ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka duba wasu wurare. Las Vegas ta ba da dala miliyan 750 daga harajin otal-otal domin filin ƙungiyar Raiders. Jihar New York da ƙaramar hukumar Erie sun ɗauki miliyan 850 na sabon filin Buffalo Bills. Na Tennessee Titans ya ci wa jama'a biliyan 1.26. Idan aka jera su, New Jersey ta fi su dacewa.

Amma cewa ba a taɓa talaka ba, wannan ba haka ba ne. Ƙasar da filin ke kai ta hukumar jiha ce, an ba ƙungiyoyin haya a kan 'yan miliyoyi a shekara, kuma da yake ƙasar gwamnati ce ba a biyan harajin gini yadda mai gida ke biya, sai wani adadi da aka yanke a madadinsa. Jiha ce ta shimfiɗa layin dogo har ƙofar filin a 2009 a kan kimanin dala miliyan 185, ita ta gyara hanyoyi. Kuɗin ajiye motoci da na shagulgula, wanda a tsohon fili hukumar jiha ke ci, yanzu ya koma wa ƙungiyoyin.

Mafi ciwo shi ne tsohon bashi. Dabarar nan ta sukuwar dawaki ta yi aiki na wasu shekaru, daga baya gidajen caca suka yawaita, kasuwar sukuwa ta faɗi, 'yan siyasa kuma suka yi ta ɗora wa hukumar wasu ayyukan da ba su kawo riba. Aka yi ta sabunta bashi maimakon biya. Da aka rushe filin Giants a 2010, jaridar New York Times ta ruwaito cewa akwai sauran bashin kimanin dala miliyan 110 a kansa, wato kusan dala 13 a kan kowane mazaunin jihar. Inda filin yake a da yanzu wurin ajiye motoci ne. Wannan bashi bai san mai son ƙwallo da wanda bai taɓa kallonta ba. 'Yan uwanmu da ke zaune a Newark suna tuƙin tasi ko aikin jinya, su ma suna cikin masu biya. Ba New Jersey kaɗai ba ce: an rushe filin Kingdome na Seattle a 2000, ba a gama biyan bashinsa ba sai 2015.

Yadda ake tafiyar da shi

Kamfani guda ne da ƙungiyoyin biyu suka kafa ke gudanar da filin, kuma aikinsa mafi wuya shi ne sauya masa kama. Idan Giants ta yi wasa ranar Lahadi, Jets na da wasa daren Litinin, to da fitar mutum na ƙarshe ma'aikata ke shiga. A ɗaga shimfiɗun ƙarshen fili biyu masu sunan Giants a kwantar da na Jets, a sauya tutoci da kyallayen da ke jikin katanga, a kwashe riguna shuɗaye daga shaguna a jera koraye. Fitilun da ke bayan sandunan alminiyom ɗin nan a juya su daga shuɗi zuwa kore. Kowace ƙungiya na da ɗakin sauya kayanta na dindindin. Kafin gari ya waye, wanda ya shigo ba zai ga alamar cewa jiya gidan wani ne ba.

Masu kallo kuwa tun da hantsi suke isowa. A filin ajiye motoci kowa ya buɗe bayan motarsa, ya kafa murhun gashi da kujerun naɗewa, a gasa nama, yara na jefa ƙwallo a tsakanin motoci, hayaƙi ya turnuƙe ko da ana sanyin da ke daskarar da ruwa. Ga da yawansu wannan zama shi ne rabin abin da suka zo yi.

Sauran kwanakin shekara ana cike su da duk abin da zai tara jama'a: manyan mawaƙa a lokacin zafi, kokawar WrestleMania a 2013 da 2019, wasannin jami'o'i, da ƙwallon ƙafa. A nan Messi ya zubar da fenariti a wasan ƙarshe na Copa America na 2016, Chile ta ɗauke kofin. Taro mafi girma da filin ya gani ma ba na wasa ba ne, taron addini ne na Yahudawa a 2012 da ya tara kimanin mutum 93,000.

Raunin filin shi ne shiga da fita. Ranar 2 ga Fabrairun 2014 ya karɓi Super Bowl, karon farko da aka yi shi a fili marar rufi a yankin sanyi. An yi ta fargabar dusar ƙanƙara, Allah ya sa ba ta sauko ba sai bayan an tashi da sa'o'i. Abin da ya ba da kunya jirgin ƙasa ne. An hana zuwa a ƙafa, an rage wurin motoci, sai kusan mutum 28,000 suka kwararo tashar Secaucus, fiye da yadda aka yi hasashe nesa ba kusa ba. Mutane sun galabaita a cunkoso, bayan wasa kuma wasu sun yi sa'o'i a layi.

Rigimar ciyawa

A nan ne raina ya fi sosuwa. MetLife ciyawar roba gare shi, kuma 'yan wasa sun daɗe suna kuka da ita. Ƙorafinsu shi ne, ciyawa ta gaske idan ƙafa ta kafe takan tsage ta saki takalmi, ta roba kuwa riƙewa take, sai nauyin ya koma kan gwiwa ko idon sawu. A watan Satumban 2020 'yan wasan San Francisco biyu, Nick Bosa da Solomon Thomas, suka tsinke jijiyar gwiwa a wasa ɗaya a wannan fili. NFL ta bincika ta ce filin ya cika ƙa'ida. A 2023 aka shimfiɗa sabuwar roba, a wasan farko na Jets a kanta, ranar 11 ga Satumba, fitaccen ɗan wasan da suka ɗauko, Aaron Rodgers, agararsa ta tsinke mintuna kaɗan da farawa, kakarsa ta ƙare ke nan.

Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan ta fitar da alƙaluman 2012 zuwa 2018 da ke nuna raunin ƙafa wanda ba karo ya jawo shi ba ya fi yawa da kashi 28 cikin ɗari a kan roba. NFL na cewa a 'yan shekarun nan tazarar ta ragu ƙwarai. Masu filin ma suna da hujja. An gwada ciyawa ta gaske a tsohon fili daga 2000 zuwa 2002, ƙungiyoyi biyu na tattake ta ga sanyi, kafin Disamba ta zama ƙura da taɓo. Kuma ciyawa mai rai ba ta jure a kafa mata dandamalin mawaƙa na kwana uku.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar. Ba wai ba za a iya ba ne. A Arizona da Las Vegas ana renon ciyawar a kan wani ƙaton faranti a waje, a turo shi ciki ranar wasa. Tsada ce, kuma tana rage kwanakin haya. Idan aka zaɓi roba an zaɓi kuɗin shagulgula, wanda zai biya bambancin kuwa shi ne matashin da sana'arsa ba ta wuce 'yan shekaru ba.

Abin da zuwan FIFA ya tona

Duk filaye 11 da Amurka ta ware wa kofin duniya na NFL ne, kuma FIFA ba ta sassauta musu ba. Faɗin filin ƙwallon Amurka bai kai mita 49 ba, FIFA na son mita 68, don haka aka cire kujeru 1,740 a kusurwoyin MetLife aka maye su da waɗanda ake iya kwancewa. Sunan da kamfanin inshora ke biyan miliyoyi a kansa dole a rufe shi, a kira filin New York New Jersey, saboda FIFA ba ta yarda da tallan wanda ba abokin cinikinta ba. Sannan ta ce sai ciyawa ta gaske, aka kuma amince. An ba filin wasanni 8, ciki har da Brazil da Maroko, da Faransa da Senegal.

Shugabannin 'yan wasan NFL ba su ɓoye takaicinsu ba: abin da aka ce musu ba zai yiwu ba, ga shi an yi wa baƙi. An gwada a gasar ƙungiyoyi ta 2025, wadda a cikinta Al Ahly ta Masar ta yi 4 da 4 da Porto a wannan fili. Wasu masu horarwa sun koka cewa ciyawar ta bushe, ƙwallo ba ta gudu, rashin rufi kuma ya sa zafi ya wahalar da 'yan wasa, hadari ma ya tsayar da wasa. Da aka gama gasar aka naɗe ciyawar, Giants da Jets suka koma kan robarsu.

Tsarin kuɗin gasar ma ya kamata a gane shi. Tikiti da talabijin da tallace-tallace na FIFA ne. Tsaro da sufuri da tsaftar gari na masu masauki ne, wato gwamnatoci.

Shin gari na amfana?

Masu goyon baya na cewa fili na kawo ayyuka da baƙi da suna. Akwai gaskiya a ciki. Dubban mutane na samun aiki ranar wasa, otal-otal na cika, kuma ba don wannan fili ba da New Jersey ba ta ga wasan ƙarshe na kofin duniya ba. Akwai kuma abin da ba a auna shi da kuɗi, wato a ce gari na da ƙungiyar da uba da ɗa ke zama su kalla tare. Masoya Giants har yau suna tuna Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya da ya ci Super Bowl sau biyu da su.

Sai dai masana tattalin arziƙi irin su Roger Noll da Andrew Zimbalist sun shafe shekaru suna bin diddigin filaye, kuma kusan bakinsu ɗaya da sauran takwarorinsu: filin wasa ba ya ƙara wa gari arziƙin da ya kai abin da aka kashe. Dalilin mai sauƙi ne. Iyalin da suka kashe dala 600 a filin wasa, da ba su je ba da sun kashe ta a gidan abinci ko kanti a garin. Kuɗin wuri ya sauya, bai ƙaru ba, kuma ya koma hannun 'yan tsiraru. Ayyukan ma yawancinsu na 'yan kwanaki ne a shekara, duba tikiti da sayar da abinci da nuna wurin ajiye mota.

To me ya sa gwamnoni ke biya? Saboda ƙungiyoyi 32 ne kacal, biranen da ke so kuwa sun fi haka, kuma a NFL ƙungiya na iya kwashe kayanta ta bar gari. Stan Kroenke, mai Arsenal, ya ɗauke ƙungiyarsa ta Rams daga St. Louis zuwa Los Angeles a 2016 alhali garin bai gama biyan bashin filin da ya gina mata ba. Sai da aka je kotu, a 2021 shi da NFL suka amince su biya diyyar dala miliyan 790. Iyalan Glazer na Manchester United su ma da kuɗin harajin jama'a aka gina wa ƙungiyarsu ta Tampa Bay fili, bayan an yi ta raɗe-raɗin za ta tashi. Babu gwamnan da ke son a ce a zamaninsa ƙungiya ta gudu.

New Jersey ma ba ta kuɓuta daga wannan ba. Yarjejeniyar hayar ta shekara 25 ce, ana iya tsawaita ta har zuwa 97. Amma bayan shekara 15, da kuma duk bayan shekara biyar daga nan, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin na da damar ba da sanarwar wata 12 ta fita, ɗayar ta zauna. Tsohon filin Giants shekara 34 ya yi aka rushe shi, Georgia Dome na Atlanta shekara 25. Tuni filin SoFi na Kroenke, wanda aka buɗe a 2020 a kan kimanin dala biliyan 5, ya mayar da MetLife tsohon yayi a idon masu ƙungiyoyi. Duk ranar da Giants ko Jets ta fara maganar rufi ko sabon gini, gwamnan New Jersey za a fara kira, kuma New York na tsallaken kogi tana saurare.